Yadda Ake Tsara Yinin Kallon Garin Jos Daga Sama: Duwatsu, Tafkunan Kuza Da Saman Benaye

Jos gari ne da haƙar kuza ta gina, kuma ko da yake manyan kamfanonin da suka yi wannan aiki sun daɗe da naɗe tabarmarsu, sawunsu yana nan a shimfiɗe tun daga Naraguta har zuwa Bukuru da Barikin Ladi, sai dai ba a ganinsa da kyau sai an hau wuri mai tsayi. Baƙi da yawa masu zuwa daga Abuja, Kaduna, Kano ko Bauci sukan wuce kai tsaye zuwa wuraren shaƙatawa na saman benaye da yamma, su ɗauki hotuna, su koma suna cewa sun ga Jos. A ganina an fara daga inda ya kamata a ƙare. Jos ba ta da dogayen gine-gine masu yawa, saboda haka bene mai hawa uku ko huɗu ba zai nuna maka abin da dutse zai nuna maka ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a hau dutse da sassafe, a zagaya wuraren tsohon aikin kuza da rana, sannan a ƙarasa yinin a saman bene, lokacin da ido ya riga ya san abin da yake kallo.

Mataki na farko: zaɓen wata da duba halin gari

Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, shi ya sa sanyinsa ya bambanta da na sauran biranen Arewa. Mafi kyawun lokacin wannan yawo shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, domin a lokacin damina ta ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, kuma hazo bai sauko ba tukuna, ta yadda mutum zai iya hangen nesa sosai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yakan rufe sararin sama da ƙura, sai ka sha wahalar hawa ka tarar ba ka ganin komai bayan unguwar da ke gindin dutsen. A tsakiyar damina kuma, musamman Yuli da Agusta, ƙasa takan yi kyau matuƙa, amma duwatsu sukan yi santsi, gajimare yakan sauko ya lulluɓe tuddai, ruwa yakan zo da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Wanda ya zo a wannan lokaci ya riƙe ƙa'ida guda: da zarar hadari ya haɗu, a sauko daga kan dutse ba tare da jiran ɗigon farko ba, domin tsayuwa a kan fa mai tsayi lokacin walƙiya ganganci ne.

Kafin ka kama hanya, kira wani mazaunin garin da ka amince da shi ka tambaye shi halin da ake ciki. Jos ta sha fama da rikice-rikice tun daga 2001, kuma duk da cewa yawancin ranaku mutane suna harkokinsu lami lafiya, akan sa dokar hana fita ko a taƙaita zirga-zirgar ababen hawa idan wani abu ya taso. Ka tambaya musamman game da ƙauyukan da ke bayan gari, domin labarin cikin birni da na karkara ba kullum suke zama ɗaya ba.

Mataki na biyu: abin hawa, ɗan rakiya da guzuri

Ka ɗauki shatar mota ta yini guda tare da direba ɗan gari, ku kuma gama ciniki tun daren da ya gabaci tafiyar, a fayyace wuraren da za a je, wanda zai sayi mai, da lokacin da za a sallame shi. Keke Napep yana da amfani a cikin gari, amma ba zai kai ka gindin duwatsu cikin sauƙi ba, kuma samun na dawowa daga bayan gari abu ne mai wuya. Ɗan rakiya ya fi direba muhimmanci. Duwatsun da ke kewaye da Jos ƙasar mutane ce, ta Afizere da Anaguta da Birom, akwai gonaki a cikinsu, akwai kuma wuraren da masu ƙasa suke girmamawa bisa al'adarsu waɗanda ba a son baƙo ya taka. Idan ka isa ƙauyen da ke gindin dutse, ka fara da gaisuwa, tunda Hausa ce harshen da kusan kowa yake ji a yankin. Ka samu dattijo ka ce masa, "Baba, sannu da hutawa, mu baƙi ne, muna son hawa dutse mu ga gari, ko akwai yaron da zai nuna mana hanya?" In an kai ka wurin mai unguwa, ka ce "Ranka ya daɗe", ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice. Ku yanke ladan ɗan rakiya kafin a ɗaga ƙafa, kuma kada a yi masa ƙwauro.

Guzurin ba shi da yawa. Ana bukatar takalmin kambas mai kama ƙasa, rigar sanyi, hula, ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum, ɗan abin taɓawa kamar dabino ko gyaɗa, tocila, sallaya, da kuɗi a hannu saboda sabis ɗin waya yakan yanke a bayan gari, tura kuɗi ta banki ya gagara. Silifas da takalmi mai tsini a bar su a mota. Matan da za su hau da doguwar riga ko hijabi mai jan ƙasa su sa wando a ciki, su kuma zaɓi wanda iska ba za ta riƙa kaɗawa ba, domin iskar saman dutse tana da ƙarfi.

Mataki na uku: hawan Duwatsun Shere da sassafe

Duwatsun Shere suna gabas da garin, tafiyar kimanin kilomita 10, kuma ƙololuwarsu da ta kai kimanin mita 1,829 ita ce wuri mafi tsayi a Jihar Filato. A yankin ne makarantar horar da matasa shugabanci da juriya ta gwamnatin tarayya take, wadda ɗalibai da ma'aikata suke zuwa domin atisayen hawan dutse. Ka bar masauki bayan sallar asuba, ka bi ta wajen Lamingo, ta yadda za ka fara hawa da misalin ƙarfe bakwai.

Dalilin sammako ba sanyin safiya kaɗai ba ne. Tunda duwatsun suna gabas, idan ka juya ka fuskanci gari da safe rana tana bayanka, haskenta yana sauka a kan rufin gidaje da tafkuna, komai ya fito sarai a ido da kuma a hoto. Wanda ya hau da yamma zai tarar rana tana dukan fuskarsa, garin kuma ya zama inuwa.

Ba dole ba ne a kai ƙololuwa. Mai matsakaicin ƙarfi zai iya tsayawa a kan ɗaya daga cikin faffaɗan duwatsun da ke tsakiyar hawa, ya ga abin da zai gamsar da shi. A yi tafiya a jere, ɗan rakiya a gaba, wanda ya fi kowa ƙarfi a baya, mai rauni a tsakiya. A riƙa hutawa kafin gajiya ta kama mutum, a sha ruwa kaɗan-kaɗan. Kada a cusa hannu cikin tsagar dutse ko ƙarƙashin fa saboda maciji da kunama, kuma kada a taka baƙin tabon da ruwa ya bari a jikin dutse, domin ko ya yi kamar ya bushe yakan yi santsi. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko mai asma ya nemi shawarar likita tun a gida. Saukowa ta fi hawa haɗari, saboda a lokacin gwiwa ta gaji kuma hankali ya koma kan mota, don haka a sauko da gefen ƙafa, a zauna a ja jiki inda gangaren ya yi tsanani, ba abin kunya ba ne.

Idan ka samu wurin zama, kada ka yi gaggawar fito da waya. Ka fara rarrabe abin da Allah Ya halitta da abin da hannun mutum ya yi. Duwatsun asali masu launin toka ne, manya-manyan curi da suka hau kan juna. Tuddan da aikin kuza ya bari kuwa jajaye ne ko masu ruwan ƙasa, ba su da manyan duwatsu, ruwan sama ya tsattsaga gefensu, kuma kusan kullum za ka ga tafki a kusa da su, domin ramin da aka kwashe ƙasar daga cikinsa shi ne ya cika da ruwa. Inda ka hangi bishiyoyin turare sun yi layi a wuri guda, sau da yawa wurin tsohon filin haƙa ne da aka dasa su domin farfaɗo da ƙasar. Amma ba kowane ruwa ne ramin kuza ba: madatsun ruwan da ke wajen Lamingo an gina su ne domin shayar da gari, kuma ana gane su da bangon da ya tare ruwan. Ka kuma lura da shingayen ƙerana da suka kewaye gidaje da gonakin ƙauyuka, da filayen acca da na dankalin Turawa.

Wanda ba zai iya wannan hawa ba, ko yana tare da ƙananan yara da tsofaffi, ya nufi gandun namun daji na Jos da ke wajen hanyar Miyango, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Akwai tuddai a cikinsa da ake hawa ba tare da wahala mai yawa ba.

Mataki na huɗu: gidan tarihi kafin azahar

Daga Shere ka dawo cikin gari ka shiga gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin Bernard Fagg, wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi. Wannan zango shi ne yake ba sauran yinin ma'ana. Mutanen ƙasar nan sun san narka kuza tun kafin zuwan Turawa, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Ingila suka shigo da aikin gadan-gadan, leburori suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno da kudancin Najeriya, har sansanonin ma'aikata suka zama unguwanni. Ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso Jos a 1914 domin kwasar kuza, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927, sannan aka rufe ƙaramin a 1957. Wutar lantarkin da injinan haƙa suke bukata ita ta sa kamfanin NESCO ya kafa tashar samar da wuta da ƙarfin ruwa a Kurra. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya (wani ɓangare na Malesiya ta yau) wadda Ingila take samun kuza daga gare ta, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa aikin dole a ramukan Filato tsakanin 1942 da 1944, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi, yunwa da cuta. Daga baya aikin ya yi ta ja da baya, har faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa abin da ya rage na manyan kamfanonin.

A harabar gidan za ka ga tsofaffin kawunan jiragen ƙasa da kayan aikin haƙa, da mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su. A gefe kuma akwai sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Awa ɗaya da rabi ta isa. Ka tambayi ma'aikata ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗauka. Daga nan masallatan tsakiyar gari ba su da nisa, sai a yi azahar, a ci abinci, a ɗan miƙe ƙafa.

Mataki na biyar: bakin tafkunan Rayfield

Da misalin ƙarfe biyu da rabi ka nufi kudu zuwa Rayfield, unguwar da manyan ma'aikatan kamfanonin kuza suka zauna a da, inda filin wasan golf da aka kafa tun 1913 yake. Tafkin da ake zuwa shaƙatawa a can tsohon ramin kuza ne, kuma tsayuwa a bakinsa ita za ta nuna maka girman ƙasar da aka kwashe, abin da daga saman Shere ya yi kama da ɗan madubi.

A nan akwai gargaɗin da ba a wasa da shi. Ramin kuza ba kamar kogi ba ne da zurfinsa yake ƙaruwa sannu a hankali. Gefensa a tsaye yake, taku biyu daga baki ƙafa ba za ta taɓa ƙasa ba, ruwan yana da sanyi ƙwarai, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe mutum. An sha rasa rayuka a irin waɗannan tafkuna, har da na waɗanda suka iya iyo. Kada a shiga, kada a bar yaro ya matsa baki shi kaɗai, kada a tsaya a kan gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta domin ɗaukar hoto. In za a hau kwalekwale, sai da rigar kariya ga kowa, kuma in an ce babu, a haƙura. A filayen da ke bayan gari a riƙa bin turbar da mutane suka saba bi, domin masu haƙa da hannu suna nan suna aiki har yau, kuma ramukansu ƙanana ne masu zurfi kamar rijiya, ciyawa takan rufe bakinsu. Baƙin yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza yana ɗauke da ma'adanai masu fitar da radiyeshan, saboda haka kada yara su yi wasa da shi, kada kuma a ɗebo shi zuwa gida. Gidan gwamnatin jiha yana wannan yanki, don haka a kiyaye inda ake nuna kyamara, kamar yadda za a kiyaye a kusa da barikin soja da shingayen bincike. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa ba a tashinsa sai da izinin hukuma.

Da rani za ka ga masu lambu suna jan ruwan wasu tafkunan da injin ban ruwa zuwa fadamun kabeji, karas da latas. Idan ka ga ana sayarwa a bakin hanya, nan ne wurin sayen tsaraba.

Mataki na shida: zaɓen saman bene

Wuraren zama na saman benaye suna buɗewa suna rufewa, suna sauya masu su da sunayensu, don haka abin da ya fi amfani shi ne sanin yadda ake tantance su. Yawancinsu suna cikin otal-otal da gidajen abinci na yankin Rayfield, unguwar Turawa ta da, da manyan titunan da suka haɗa Jos da Bukuru. Ka nemi direbanka ko mai masaukinka ya ambata maka biyu ko uku, ka leƙa su da rana kafin ka yanke shawara.

Tambaya ta farko ita ce ko ana sayar da giya, domin da yawa daga cikin waɗannan wurare mashaya ce da gidan abinci a haɗe. Ka tambayi ma'aikacin da ke ƙofa kai tsaye: "Malam, ana sayar da giya a sama? Akwai ɓangaren iyali?" Ba wanda zai ji haushin wannan tambaya a Jos, inda Musulmi da Kirista suke cuɗanya a kasuwa da wurin aiki kullum. Wanda ba ya son zama inda ake sha ya nemi gidan abinci ko wurin shan shayi da kofi mai baranda a sama, ko ya roƙi otal ɗin da ya sauka su bar shi ya hau saman ginin na ɗan lokaci tare da ma'aikacinsu. Sau da yawa wannan na ƙarshe ya fi daɗi, tunda babu kiɗa babu hayaƙin shisha.

Sai ka hau ka duba da idonka. Ka ga inda wurin yake fuskanta: wanda yake buɗe ta yamma zai ba ka faɗuwar rana, wanda yake buɗe ta gabas kuma zai ba ka Duwatsun Shere suna yin ja da hasken yamma, kuma ga wanda ya hau su da safe wannan ya fi armashi. Ka tabbata wani gini, tankin ruwa ko allon talla bai tare gaban ba. Ka jijjiga ƙarfen da aka kewaye bakin benen da shi; in yana motsi, ko bai kai ƙugun babban mutum ba, ko tazarar sandunansa za ta bar yaro ya zura jiki, kada ka kawo iyali. Ka dubi matakala, ko tana da haske da abin riƙewa, ko kuma akwai wata hanyar sauka ta biyu. Ka lura da inda janareta yake, domin in yana ƙarƙashin wurin zama hayaƙinsa da ƙararsa za su ɓata zaman da zarar an ɗauke wuta. Daga ƙarshe ka nemi takardar farashi, ka tambaya ko akwai kuɗin shiga ko mafi ƙarancin abin da za a saya kafin a ba mutum tebur, musamman ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi.

Lokacin isa yana da muhimmanci. A Nuwamba da Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida, a Yuni da Yuli kuma takan kusa kai bakwai saura minti goma, sannan duhu yana biyo baya cikin ƙasa da rabin awa. Ka isa awa ɗaya kafin faɗuwar rana, ka zaɓi teburin da ke da bango a bayansa saboda iska, ka ba da odar abinci nan take domin girki yakan ɗauki lokaci. Soyayyen dankalin Turawa da ƙwai, gasasshen kifi, tsire da shayi mai zafi su ne suka fi dacewa da sanyin wurin. Ka sa rigar sanyi tun kafin ka ji sanyin, domin yana saukowa ne lokaci guda da zarar rana ta ɓace. Ka yi alwala tun da wuri, ka kuma tambayi inda za a yi magariba. Wajen ɗaukar hoto, ka goge gilashin kyamarar waya, ka dafa gwiwar hannu a kan tebur maimakon jingina da ƙarfen baki, kuma kada ka haɗa da fuskokin mutanen da ke wasu tebura ba da yardarsu ba. Masu iyali su tashi bayan magariba, kafin masu zaman dare su cika wurin a ƙara sautin kiɗa. Direba ya kasance yana jira a ƙasa, kuma a bi manyan tituna zuwa masauki.

Washegari, ga mai komawa Abuja

Dutsen Riyom da magangarar ruwa ta Assop duk suna kan hanyar Abuja, saboda haka ba sai an ware musu yini ba. Bayan an wuce Bukuru da Mararrabar Jama'a, kimanin kilomita 25 daga Jos, za a ga duwatsun Riyom da suka ɗoru kan juna a gefen hanya. Ana kallonsu daga ƙasa, minti ashirin ya isa, kuma a faka mota nesa da kwalta saboda manyan motoci. Daga nan sai gangaren Hawan Kibo, inda tudun Filato yake ƙarewa, ƙasa ta buɗe a gabanka har iyakar gani. Direba ya duba birki tun a Jos, ya sauka da ƙaramin giya, kada kuma ya tsaya a kan kwana domin wani ya ɗauki hoto. Assop tana gindin gangaren, kimanin kilomita 64 daga Jos, kuma ruwanta ya fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da duwatsun bakinta suka fi santsi. A bar wurin kafin azahar domin a wuce Akwanga da Keffi a shiga Abuja da sauran rana.